Tsami da Kanwa a Ruwan Tabki

A bazarar da ta wuce wata ƙungiya ta gefen fadama, tsakanin Isa da Sabon Birni, ta yi hasarar kifinta cikin dare ɗaya. Da hannunsu suka haƙa tabkin, suka tara kuɗi suka sayo 'ya'yan karfasa da na tarwaɗa, suka yi wata huɗu suna ciyar da su. Da zafi ya tsananta ruwan ya ja baya, ya yi kore shar. Sai ɗaya daga cikinsu ya tuna ya taɓa ji a wani taro an ce akan zuba farar ƙasa a tabkin kifi domin a gyara ruwa. Farar ƙasa ba ta samu ba, saboda haka aka kwaso tokar murhu kwando-kwando aka watsa da la'asar. Kafin gari ya waye karfasa sun juya ciki sama. Da muka isa, dattijon ƙungiyar ya tarye mu da tambaya: "Malam, mi yak kashe muna kihi? Ba guba munka zuba ba, toka ta."

Mun ji nauyin tambayar, gama mu malaman gona muna da namu rabo cikin laifin. Maganar farar ƙasa daga bakin irinmu ta fito. Mun ɗauko ta daga littattafan da aka rubuta domin wurare masu yawan ruwan sama, inda ƙasa da ruwa suke da tsami, ba mu kuwa tsaya mun faɗi dalilinta ba. Dalilin ne muke so mu bayyana yau, sai ku yi haƙuri, gama tilas mu fara daga abin da ido ba ya gani.

Mazauna cikin ruwa

In ka ɗebi ruwan tabki cikin cokalin shayi, ka ɗebo miliyoyin ƙananan halittu da ake kira bakteriya. Sai da madubin likita ake ganinsu. Da yawa daga cikinmu mun san su da sunan ƙwayoyin cuta, amma masu kawo cutar kaɗan ne ƙwarai cikinsu. Mafi yawansu ma'aikata ne. Su ke ruɓar da ganye da kashin shanu da ragowar abincin kifi. Ba domin su ba, da kowane tabki ya cike da shara tun zamanin Alkalawa.

Akwai wani rukuni nasu da ya fi kowa amfani ga mai kiwon kifi. Kifi yakan fitar da wani abu da ake kira amoniya, wato abin nan mai hawa kai da ake ji a turke inda fitsarin dabba ya kwana. Amoniya guba ce ga kifi. Wannan rukuni shi ke juya ta, mataki biyu, ta zama naitiret, irin gishirin takin da tsiro ke sha. Wani masani ɗan Rasha, Winogradski, shi ya ware su ya nuna aikinsu a shekarar 1890.

Sai mu ɗauki ruwan tabki kamar gari. Akwai maƙera, akwai mahauta, akwai masu kwashe shara. In wani hali ya kori masu kwashe shara, wasu baƙi suka zauna a gidajensu, mai ƙidaya zai ce yawan mutanen garin bai ragu ba. Amma wanda ke zaune a garin zai ji wari. Haka ruwa yake. Abin da ya fi muhimmanci shi ne waɗanne iri ne ke ciki, da kuma aikin da suka iya. Cikin manyan abubuwan da ke zaɓen wanda zai zauna da wanda zai tashi, akwai tsamin ruwan ko kanwarsa.

Matanmu sun riga malaman kimiyya sanin wannan, ko da yake ba da wannan suna ba. Mai nono takan bar ɗan tsohon nono a ƙwarya ta zuba sabuwar madara a kai. Ƙwayoyin da ke cikin tsohon su ke kawo tsami, tsamin kuma ya kori sauran ƙwayoyin da za su ruɓar da madarar. Shi ya sa nono ke kwana, madara kuwa ba ta kwana. Mai daddawa kuwa, ko ta kalwa ko ta batso, da wasu ƙwayoyi dabam take aiki, waɗanda ke kai abin zuwa gefen kanwa, warin daddawar nan ma akwai amoniya cikinsa. Marina su ma haka. Ramin rini ba ya nuna sai an zuba toka, gama ƙwayoyin da ke narkar da baba har ya kama zane ba su aiki sai cikin ruwa mai kaifin toka. Ka zuba tsamiya a ramin marini ka ga yadda zai yi da kai. Ƙwarya uku ke nan, kowace da jama'arta.

Ma'aunin

A shekarar 1909 wani masani a ƙasar Denmak, mai suna Sorensen, ya fito da ma'aunin tsami. Ana rubuta shi da haruffa biyu, pH, yana tafiya daga 0 zuwa 14. Lamba 7 ita ce tsakiya, ba tsami ba kanwa. Ƙasa da 7 gefen tsami ne, sama da 7 gefen kanwa. Ruwan lemon tsami wajen 2 yake, nono wajen 4, jinin mutum 7.4, ruwan kanwa wajen 10, ruwan toka mai kauri yakan wuce haka. Abin lura shi ne, kowane mataki ɗaya ninki goma ne. Ruwa mai lamba 5 ya fi mai lamba 6 tsami sau 10, ya fi mai lamba 7 sau 100. Saboda haka kada wani ya ce, ai daga 8 zuwa 9 tazara kaɗan ce.

Kifi ya fi jin daɗi tsakanin 6.5 da 9. A wajen 4, ko a wajen 11, mutuwa yake yi. Bakteriya masu kawar da amoniya kuwa sun fi kifi tsantseni. Tsakanin 7 da 8.5 suka fi aiki, da zarar ruwa ya sauka ƙasa da 6.5 sai su fara sanyi.

Wanda yake so ya gani da idonsa, ya jiƙa zoɓo, ya raba ruwan cikin kofi biyu. Ya matsa lemon tsami a ɗaya, zai ƙara ja. Ya jefa kanwa a ɗayan, zai yi duhu ya nufi kore. Mukan yi wannan a taron ƙungiya domin yara da manya su gane, amma ba awo ba ne, gama zoɓon kansa yana da tsami mai ƙarfi. Awo na gaskiya sai da takardar gwaji, 'yar siririya wadda ke sāke launi in an tsoma ta, a gwada ta da launukan da ke jikin kwalinta.

Tabkin da aka tsamantar da gangan

A ƙasashen Turai da Amurka an sha wahala da ruwan sama mai tsami. Hayaƙin kwal na masana'antu yakan hau sama da farar wuta cikinsa, ya sauko tare da ruwan sama. A Suwidin da Norwe dubban tabkuna suka rasa kifinsu. Abin ban mamaki, ruwan irin waɗannan tabkuna yakan yi garau, har baƙo ya yaba tsabtarsa. Daga 1977 gwamnatin Suwidin ta shiga zuba garin dutsen farar ƙasa a tabkuna domin ta kashe tsamin. Irin wannan magani ne littattafanmu suka koya mana.

Domin a san ainihin abin da ke faruwa, masana a ƙasar Kanada, ƙarƙashin wani malami Dauda Shindila, suka zaɓi wani ƙaramin tabki a dajin Ontariyo, mai lamba 223. Daga 1976 suka riƙa zuba masa irin ruwan batirin mota, kaɗan kaɗan, shekara bayan shekara. Cikin shekara takwas ruwan ya sauka daga wajen 6.8 zuwa wajen 5. Manyan kifayen ba su mutu nan take ba. Ƙananan halittun da suke ci ne suka fara ɓacewa, ƙananan kifaye suka daina haihuwa, manyan suka rame har suka zama kai da ƙaya. Sa'an nan a 1988 masanan suka ba da labarin wani abu da ya shafe mu kai tsaye. A wannan tabki da wani maƙwabcinsa, da ruwa ya kai tsakanin 5.4 da 5.7, bakteriya masu juya amoniya sun daina aiki, amoniya ta shiga taruwa. Masu kwashe shara sun bar gari ke nan.

Bincike na baya ya ƙara haske. A 2008 an buga sakamakon awon tabkuna 18 na duwatsun Adirondak a Amurka, masu lamba daga 4.9 zuwa 7.8, aka tarar tabkunan da suka fi tsami su ne masu ƙarancin ire-iren bakteriya. A 2005 kuma wasu masana na Suwidin da suka duba tabkuna 15 na arewacin Turai sun ga abubuwa uku ne suka fi nuna waɗanne iri za a samu a tabki: tsamin ruwan, da zafinsa, da tsawon lokacin da ruwan ke zaune kafin sabo ya sāke shi. Ku riƙe abubuwan nan uku, gama duka ukun suna aiki a fadamarmu.

Mu fa, wane gefe muke?

Ba mu da masana'antu masu hayaƙin kwal kusa da mu, ƙurar hunturu kuma tana ɗauke da alli mai kashe tsami. Damuwarmu ta wani gefe take zuwa. Gulbin Bunsuru da na Gagare da Gulbin Maraɗi a ƙasarmu suke haɗuwa su zama Rima, wadda ke gangarawa zuwa madatsar Goronyo da aka gama ginawa a 1984. Da damina gulbi yakan cika ya malala cikin fadama, ya wanke tabkuna, ya zuba musu sabon ruwa. Da kaka ya janye ya bar su. Daga nan har wata shida ko bakwai ruwan yana zaune wuri ɗaya, rana tana shanye shi, gishiri da kanwar da ke ciki kuwa ba su tashi tare da tururi. Duk wanda ya ga farin kumfa-kumfa a busasshen bakin tabki cikin watan Afrilu ya ga shaidar. Ga fitsarin shanu da kashinsu, ga sabulun wanki, ga takin zamani da ke gangarowa daga lambunan albasa da tattasai. A 'yan shekarun nan da rashin tsaro ya hana mutane da dabbobi zuwa fadamu masu nisa, nauyin duka ya koma kan 'yan tabkunan da ke bakin gari.

Wannan abinci shi ke sa ruwa ya yi kore. Koren nan ƙananan tsire-tsire ne, da yawansu ma bakteriya ne masu launin ganye. Da rana suna zuƙe iskar kabon daga ruwa, wato iskar da muke fitarwa in mun numfasa. Ita wannan iska ce ke ba ruwa ɗan tsaminsa, saboda haka in an zuƙe ta sai ruwa ya hau gefen kanwa. Da dare kuwa kome na cikin ruwa yana numfashi yana mayar da ita, sai ruwa ya sauko. Tabki ɗaya yana iya zama 7 da asuba, ya wuce 9 da la'asar. Ruwan da ya fito daga dutsen farar ƙasa, kamar na tabkin Kware kusa da Sakkwato, inda dutsen Kalambaina yake, yana da abin da ke riƙe shi, ba ya lilo da yawa. Ƙasarmu ta Isa kuwa yashi ce da laka, saboda haka sai mu sa ido.

Yanzu ga amsar tambayar dattijo. Amoniya a ruwa kala biyu take. Akwai mai laushi, wadda ba ta cika cutar kifi ba, akwai kuma mai dafi. Lambar ruwa da zafinsa su ke raba su. A ruwa mai ɗumin awo 30, irin na bazararmu, in lamba 7 ce, mai dafin ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba. In lamba 8 ce takan kai wajen kashi 7. In lamba 9 ce, kusan rabi. Tabkin ƙungiyar nan ya riga ya cika da kashin kifi na wata huɗu, ruwan ya ragu, ga shi kore, ga shi la'asar, lokacin da lambarsa ke can ƙoli. Aka kawo toka aka ɗora. Amoniyar da ke kwance ta juya ta zama dafi gaba ɗaya, kaifin tokar kuma ya ƙone jan naman nan da ke ƙarƙashin kunnen kifi, wanda yake shan iska da shi. Tarwaɗa mai taurin rai ce, da yawa sun tsira. Karfasa kuwa ba ta jure ba.

Ba duk mazauna ruwan kanwa ne abokan gāba ba. A ƙasar Kanem, arewa maso gabas da tabkin Cadi, matan Kanembu sun daɗe suna tace wani kore daga tabkunan kanwa, su shanya shi a yashi, su yi miya da shi. Dihe suke ce masa, duniya kuwa ta san shi da sunan sifirulina, abinci ne mai gina jiki. Amma kada wannan ya ruɗe mu. Wasu 'yan'uwansa da ke yin kauri a kan ruwa kamar an zuba koren fenti suna fitar da dafi mai lalata hanta. A 2020 giwaye fiye da 300 suka mutu a Botswana, hukumomin ƙasar kuma suka ɗora laifin a kan dafin irin wannan kore a ramukan shan ruwa. In tabki ya yi irin wannan kauri, musamman gefen da iska ke tara shi, a janye awaki da shanu daga wurin, tafasawa ma ba ta kashe wannan dafin.

Akwai kuma ƙwayar kwalara. Ita ma 'yar gefen kanwa ce. Tana son ruwa mai ɗumi, mai ɗan gishiri, mai lamba 8 ko 9, tsami kuwa yana kashe ta. A ƙasar Gini Bisau, lokacin annobar shekarun 1990, likitoci sun lura gidajen da ke matsa lemon tsami a miya ba su kamu da cutar kamar sauran ba. A 2021 mutum fiye da 100,000 aka ɗauka sun kamu a Nijeriya, fiye da 3,000 suka rasu, jihohin Sakkwato da Zamfara suna cikin waɗanda abin ya shafa. Ba muna cewa lemon tsami ya ɗauke mana tafasa ruwa ba ne, ko kaɗan. Abin da muke so a gane shi ne, ruwan tabkin bazara ya fi kowane ruwa dacewa da wannan ƙwaya in ta samu shiga. Har wa yau maganin kulorin da ake sa wa ruwan sha ƙarfinsa yakan ragu ƙwarai in lambar ruwa ta wuce 8. Wanda dole ta sa shi shan ruwan tabki, ya tace, ya tafasa.

Inda tsami ke kama mu

Duk da haka akwai wurin da labarin Kanada ke maimaituwa a gidajenmu, wato tankunan leda da na siminti da matasa ke kiwon tarwaɗa a ciki. Ruwan wasu rijiyoyin burtsatse yakan fito da ɗan tsami, za ka gane shi da jan tsatsar da yake bari a bokiti. Bayan haka su kansu bakteriya masu juya amoniya suna haifar da tsami cikin aikinsu. Shi ne dalilin da ya sa gonar da aka daɗe ana zuba mata takin salfa takan yi tsami, kamar yadda gwajin shekaru masu yawa a Samaru ya nuna. To, in kifi ya yi yawa a tanki, abinci ya yi yawa, ba a sāke ruwa, lamba sai ta riƙa sauka mako bayan mako har ta kai inda ma'aikatan za su ajiye aiki. Amoniya ta taru, amma a kalarta mai laushi, kifi yana nan da rai sai dai ba ya ci ba ya girma. Ranar da mai tankin ya ji an ce ruwansa ya yi tsami, ya kawo toka ko kanwa ya zuba lokaci ɗaya, ranar ce zai kwashe gawa. Maganin irin wannan tanki shi ne a rage tsohon ruwa a ƙara sabo, kashi ɗaya cikin uku yau, kashi ɗaya gobe. Sabon tankin siminti kuma kanwa yake tsatsowa, sai a jiƙa shi a zubar, a sāke jiƙawa, har takarda ta nuna ya sauko ƙasa da 8.5 kafin a sa kifi.

Farar ƙasar da littattafai ke magana a kai iri biyu ce, a nan ne muka gaza bayyanawa. Akwai garin dutsen da aka niƙa ba a ƙona ba. Wannan a hankali yake narkewa, ba ya kai ruwa sama da wajen 8.3, yana ma taimakon ruwa ya daina lilo tsakanin asuba da la'asar. Shi ake zubawa, in awon asuba ya nuna ƙasa da 6.5 kwana da kwanaki, an fi so kuma a baza shi a busasshen gindin tabki kafin ruwa ya shiga. Akwai kuma wadda aka ƙona, irin ta shafen bango. Ita da toka 'yan gida ɗaya ne, suna iya kai ruwa 11 cikin sa'a guda. Amfaninsu shi ne kashe ƙwari da cuta a tabkin da aka kwashe kifinsa, a jira kamar mako biyu, a auna, kāna a zuba sababbin 'ya'ya.

Tabkin da ya yi kore da yawa kuwa ba ya bukatar a zuba masa kome. A tsai da taki, a rage abinci ko a hana na kwana ɗaya ko biyu, a ƙara sabon ruwa in akwai. In kun ga kifi yana ɗago baki sama da asuba, ƙarancin iska ne, koren da sauran halittu sun shanye ta cikin dare, sai a motsa ruwan ko a kwararo sabo daga sama. A kuma yi hattara da ruwan farko na damina, gama yakan kwaso kashin dabbobi na rani duka ya zuba a ɗan ruwan da ya rage, masu ruɓarwa su tashi gaba ɗaya su ƙwace iskar. 'Yar kunya da aka tayar kewaye da bakin tabki tana tare wannan.

Ƙungiyar da muka fara da labarinta ta zubar da ruwan, ta bar gindin ya bushe, ta sāke zuba kifi bayan damina ta zauna. Yanzu magatakardansu yana da littafi. Sau biyu a mako yakan tsoma takarda da asuba, ya sāke tsomawa da la'asar, a wuri ɗaya, kamu ɗaya ƙarƙashin ruwa. Muna roƙon sauran ƙungiyoyi masu tabki ko tanki, na wajen Turba da Gatawa da Unguwar Lalle da ko'ina, su yi haka daga watan Fabrairu har ruwa ya sauka. A rubuta rana, da lokaci, da lamba, da launin ruwa, da abin da aka zuba a ciki cikin makon. A ajiye takardun gwajin cikin kwalba mai murfi, nesa da rana da laima, gama in sun sha iska ƙarya suke faɗi. Ku zo da littattafan a taron ƙungiyoyi na gaba mu gwada su da juna.